Lainbakan da Ba Ya Kayar da Manya

A duk faɗin Faransa wuri ɗaya ne nake buɗe baki mutum goma su yi tsit suna jiran abin da zan faɗa, wato wani fili mai ciyawar roba a bayan jami'armu ta Bron. Ko'ina ban da nan, ni ne mai jira. A ƙofar malamin da ke duba kundin digirina na uku ina jira. A tashar bas ta Rillieux-la-Pape, inda nake haya can saman wani dogon bene, ina jira cikin sanyi. Faransancina na littafi ne, tsaf da shi, amma kafin in gama jera jimla ɗaya mutane sun canza hira. A filin nan kuwa, da zarar na sa kwalkwali na tsaya a tsakiya, 'ya'yan Turawa da 'ya'yan Larabawan unguwa duk kunnensu yana wurina.

Ƙwallon Amurka muke bugawa. Ba zari-ruga ba ce, ko da yake na gaji da gyara wa mutanenmu wannan, na bar su. In ɗaya ɓangaren na ƙoƙarin kai ƙwallo gaba, ɗayan yana tsaro. A cikin masu tsaro akwai ƙattai a sahun gaba, akwai 'yan gudu can baya, sannan akwai mu a tsakani, lainbaka ake ce mana. Aikin lainbaka shi ne ya gane inda mai ɗauke da ƙwallo zai bi tun kafin shi kansa ya gama shawara, ya tare shi, ya kai shi ƙasa. Na tsakiya a cikinmu shi ke karɓar umarni daga koci ya sanar da sauran. Ni ne na tsakiya tun ban daɗe da zuwa Lyon ba, har shekarun dubu biyu da goma suka shigo ina nan. Ƙungiyar ta ɗalibai ce, sai mai katin jami'a ke bugawa, shi ya sa wasu masu baƙin ciki suke cewa da gangan na ƙi gama kundina. Ƙarya suke yi, amma ba duka ba.

Kocinmu wani Bature ne ɗan Lyon, malamin motsa jiki, wanda ya taɓa yin shekara guda a Amurka bai warke ba har yau. Kullum yana taunar cingam, kullum da hular hana salla ko da ana ruwan sama. Wata rana bayan atisaye ya same ni ina ɗaure ƙanƙara a gwiwoyina biyu, ya tsaya yana kallona.

Ya ce, "Ina jin ƙarar gwiwoyin nan tun daga bakin fili. Ka nemo mini lainbaka."

Na ce an gama. A raina na ɗauka mataimaka yake so, na dama da na hagu, waɗanda zan dinga aika su yi gudun da na daina so. Ban tambaye shi wane gurbi yake nufi ba.

Neman lainbaka a cikin ɗalibai aiki ne mai cin rai. Kowa so yake ya jefa ƙwallo ko ya cafe ta 'yan mata su yi tafi, ba mai son ya zama katanga. Na fara da mutanenmu. Akwai wani ɗan Najeriya daga Jos mai karatun injiniya, ƙirjinsa kamar ƙofar shago. Na lallaɓa shi har ya zo kallo bayan ya taso daga coci. Karo ɗaya ya gani, ya ji ƙarar kwalkwali da kwalkwali, sai ya miƙe ya kaɗe wandonsa.

Ya ce, "Haba yallaɓai. Ni mastas na zo yi. Mamana satifiket take jira, ba hoton ƙashi ba."

Sai wani Badamagare ɗan gayu, ya zo yana ƙamshin turare. Na miƙa masa kwalkwalin aro, ya shinshina cikinsa, ya ajiye a hankali, ya ce bari ya yi la'asar ya dawo. Har yau bai idar ba.

A Paris na same shi, kuma ba nemansa na je yi ba. A Barbès akwai wani Alhaji mutumin Tawa mai shagon wayoyi, wurinsa nake sayen katin kiran gida duk sanda na shiga birnin, mu sha shayi, mu zagi sanyi. Ranar kasuwa ce, an cika maƙil a ƙarƙashin gadar jirgin metro. Ina tsaye a ƙofar shagon sai wani amalanke da aka loda wa akwatunan lemo ya ƙwace wa mai shi, ya gangaro ya nufi wata tsohuwa mai jan kwandon cefane. Mai lemon ya biyo shi a baya yana ihu, abin da kowa zai yi ke nan. Amma wani saurayi da ke tafe da kwali a ka bai bi amalanken ba. Ya ajiye kwalin, ya yanke ta gefe ya nufi inda amalanken zai iso, ya rage tsawo, ya buɗe hannu ya karɓe shi da ƙirji. Lemo ko ɗaya bai faɗi ba. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara su daina bin bayan mutum su tare gabansa, sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Shi kuwa saurayin ya juya yana ba mai lemo haƙuri, kamar shi ya yi laifi.

Na ce, "Alhaji, wane ne wancan?"

Ya ce, "Ɗan ƙanena ne. Bai jima da zuwa ba. Ai ma garinku za shi, iniversite ta Liyon ta ɗauke shi. Allah ne ya kawo ka." Ya ƙwala masa kira, ya zo ya durƙusa har ƙasa. "Ga yayanka. Abin da ya ce ka yi, shi za ka yi."

Ni kuma na ce Alhaji ya kwantar da hankalinsa, yaro ya samu gida. Ban ga dalilin ɗaga wa dattijo hankali da zancen kwalkwali a ranar ba.

Da aka koma karatu na kai shi fili. Abu na farko da ake koya wa lainbaka shi ne tsayuwa: a lanƙwasa gwiwa, a sauke ƙugu, baya a miƙe. Koci ya yi shekaru yana fama da 'ya'yan Turawa a kan wannan, su kuwa suna tsayawa ƙiƙam kamar masu jiran jirgin tram na cikin gari. Ni ban wahalar da kaina ba. Na ce da ƙanen nawa, "Ka yi kamar za ka gaida surukinka, amma kar ka ƙarasa ƙasa." Ya yi. Koci ya zagaya shi yana kallo, cingam ɗinsa ya tsaya a baki, ya tambaye ni a wace ƙungiya yaron ya taɓa bugawa.

Abu na biyu ya so ya kawo rigima. Koci in yana magana so yake a kalle shi cikin ido, yaron kuwa ko da wasa ba zai kalli idon babba ba. Koci ya yi tsawa, ya tafa hannu, ya sunkuya yana leƙo fuskarsa ta ƙasa, shi kuma yana ƙara sunkuyar da kai. Na yi bayani har na gaji. Amma da aka fara gwajin tare mai ƙwallo, sai abin ya zama alheri. Mai gudu da ƙwallo da ido da kafaɗa yake yaudara, ya kalli dama ya bi hagu. Yaronmu bai san ana yi ba, don shi ƙugun mutum yake kallo, ƙugu kuwa inda ya nufa nan mai shi za shi. Akwai wani ɗan gudunmu mai ji da kansa da ya yi masa rawar kafaɗa iri-iri, ya tashi yana tofar da ciyawar roba. Daga ranar koci ya daina neman idonsa.

Na koya masa sauran. Yadda ake karanta ƙafar ƙattin gaba a gane gudu za a yi ko jifa. Yadda ake sa kai a gefe, ba a tsakiyar cikin mutum ba, don a tsira da wuya. Yadda ake naɗe cinyoyi da hannu biyu a ci gaba da tura ƙafa. Sau ɗaya ake faɗa masa abu. Muna dawowa a tram yana riƙe da jakata da tasa, ina zuba masa ilimi, yana cewa "To, Yaya." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan zamanin ƙwarai. Ban taɓa samun wanda yake saurarona haka ba, har a wajen fili.

A wasanmu na farko da ɗaliban wani gari na cikin duwatsu aka gano cutar. An sa shi a hagu, ya kayar da mutum, ya kayar da wani, muna ta murna. Sai suka miƙa ƙwallo ga wani mai gemu, gemun har ya leƙo ta ƙarƙashin kwalkwali. Yaronmu ya iso gabansa daidai, ya rage tsawo, sannan ya matsa gefe ya ba shi hanya. Har da ɗan sunkuyar da kai. Mai gemu ya wuce abinsa, shi kansa yana waiwaye don mamaki.

Na ruga wurinsa na kama ƙarfen kwalkwalinsa. "Me ka yi haka?"

Ya ce, "Yaya, wanga ai ya kai ya haihe ni. Ba ni iya kada shi gaban mutane."

Ban san sanda na ce masa, "Wace irin haihuwa? Turawa tun suna 'yan makaranta a lakkwal gemu ke fito musu. Yaro ne ƙarami, ka girme shi."

"Da gaske, Yaya?"

"Zan yi maka ƙarya ne?"

Da aka sake ba mai gemu ƙwallo, sai da aka tsayar da wasa aka nemo masa takalminsa ɗaya. Tun daga ranar na ƙara wa kaina aiki. Kafin kowane wasa yaron zai zo ya tsaya kusa da ni muna kallon abokan karawa suna motsa jiki, ya dinga nuna su da haɓa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina rage musu shekaru. Mai sanƙo, na ce gado ne. Mai furfura, na ce wahalar jarrabawa ce. Akwai wanda ya zo da matarsa da 'ya'ya biyu suna ɗaga masa hannu, na ce ƙannensa ne da babbar yayarsu. Allah Ya yafe mini, amma a shekarar nan ba a samu wanda ya haura ashirin ba a duk ƙungiyoyin da muka kara da su.

Mutum ɗaya ne ba zan iya rage wa shekaru ba, wato ni. A atisaye akwai gwajin da ake shimfiɗa buhunan soso biyu a bar ɗan lungu a tsakani, mutum ɗaya ya ɗauki ƙwallo ya taho, ɗaya ya tare shi, kowa ya yi da'ira yana ihu. Duk sanda aka haɗa mu, yaron zai taho kamar da gaske, ya rungume ni a hankali, sannan ya zube ta baya ni in wuce ta kansa. Ni kuwa na yarda ƙarfina ne. Har nakan miƙa masa hannu in ce kar ya damu, gogewa ce, wata rana zai kai.

Koci bai yarda ba. Ana saura kaɗan wasan ƙarshe na kakar, wanda za mu kara da ɗaliban Paris, ya kira mu mu biyu gefe. Ya cire cingam ɗin bakinsa, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Ya ce, "Gurbin tsakiya ɗaya ne. A atisaye mai zuwa za ku shiga tsakanin buhuna. Wanda ya fi, shi zai tsaya a tsakiya, ɗayan ya zauna a benci." Ya juya ga yaron. "Kai kuma, in ka sake zubewa da gangan, ka ajiye mini kwalkwalina ka tafi. Ba na wasa da mai zaɓen wanda zai kayar."

Sai a lokacin na gane wane lainbaka aka aike ni nema. Da ƙafata na je har Paris na ɗauko shi, da bakina na koya masa komai. Ba zan kira abin da na ji da wani suna mai kyau ba, tsoro ne. In aka raba ni da tsakiyar filin nan, ban san inda zan ƙara buɗe baki a saurare ni ba.

A tram, da muka kusa sauka, yaron ya juyo wurina. Ya ce shi ba zai iya yanke wannan magana ba, sai ya ji ta bakin Baffansa, kuma ba magana ce ta waya ba. Na ce mu je. Na shiga jirgin ƙasa na Paris hankalina kwance, don a ganina babu Alhajin da zai ba yaro izinin ya ɗaga yayansa ya buga da ƙasa. Lissafina shi ne Alhaji ya hana, ni kuma in dawo in roƙi koci ya bar yaron a hagu, kowa ya zauna inda yake. Har barci na yi a hanya.

Mun tarar da shagon cike. Aka yi gaisuwa mai tsawo, lahiyar gida, lahiyar karatu, ya sanyi, ya gajiyar hanya, Alhaji yana amsawa yana buɗe bayan wayar wata mata da ɗan ƙaramin sukundireba. Da aka samu sarari aka kawo shayi, yaron ya durƙusa ya zayyana komai, har da kwatancen yadda ake naɗe cinyoyi. Alhaji ya saki baki.

Ya ce, "Subhanallahi. Wanga shi ne karatun? Ka ɗauki yayanka ka maka da ƙasa, Annasara na kallo? A gidanmu ba a yi. Ko da wasa kar in ji."

Na kurɓi shayi. Ban taɓa shan shayi mai daɗin na ranar ba. Har na fara yi wa Alhaji bayanin cewa ni ma abin da na gani ke nan, tarbiyya ta fi ƙwallo. Magana ta ƙare, aka koma hirar gida, damina da farashin hatsi. Alhaji ya ce ya ji an samu ruwa sosai wajen Maradi, ya tambaye ni ko mutanenmu cikin gari suke.

Na ce, "A'a, a Tibiri suke."

Ya ajiye kofin shayinsa. "Wace Tibiri?"

"Tibirin Gobir."

Ya matso yana duba kumatuna, hagu da dama. Mahaifina ma'aikacin asibiti ne, ya hana a yi wa 'ya'yansa tsaga, don haka fuskata ba ta faɗin komai. Ni kuma a Faransa in an tambaye ni nakan ce Maradi kawai, don ita aka sani.

"Kai Bagobiri ne?"

Na ce ƙwarai.

Alhaji ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, har wani mai sayen caja ya tambaya ko a kawo ruwa. Ashe su Zabarmawa ne. Kakansu ne ya taso daga wajen Dosso ya zo fatauci Tawa ya zauna. Zabarmancin ya ɓace a bakinsu, amma wasan bai ɓace ba. Wanda ya san Nijar ya san abin da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme. Abokan wasa ne tun kakanni, ba babba ba yaro a tsakaninsu. Ɗaya zai iya cire wa ɗaya hula a tsakiyar kasuwa, ya cinye masa abinci, ya kira shi bawansa ranar ɗaurin aurensa, kuma wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya, shi da danginsa duka.

Alhaji ya miƙa hannu ya cire hular kaina ya ɗora a tasa. "Shekara da shekaru ina saida ma bawana kati, har ina ba shi kujera!" Ya juya ga ɗan ƙanensa yana share hawaye. "Kai, tashi daga durƙuson nan. Bagobiri ka samu kake ce ma Yaya? Ka ɗaga shi sama sosai, ya hango Tibiri daga can, sa'annan ka aje shi."

Na ce, "Alhaji, yanzu fa ka ce a gidanku ba a yi."

"Ga mutane na ce, ba ga Bagobiri ba."

Ba yadda zan yi, dole in rama, haka al'adar take. Na ce ban taɓa jin inda mai cin kopto, kwaɗon zogalen nan nasu, ya kayar da mai shan fura ba, in ya taɓa ni ma hannunsa ne zai karye. Shagon ya kaure da dariya. Ina dariya tare da su, amma na san lissafina ya rushe. Hular ma ban same ta ba.

A jirgin komawa Lyon yaron ya zauna a takure. Can ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Yaya." Ya tsaya. "Kai, bawana. Tashi ka ba ni wurin taga." Sannan ya ƙara da cewa, "Don Allah."

Na dube shi. Gumi ne a goshinsa. Na san abu ɗaya a lokacin, kuma na san shi sarai: in na ɗaure fuska sau ɗaya, ko na minti guda, shi ke nan. Zai koma Yaya, zai zube tsakanin buhuna, koci zai karɓe kwalkwalinsa, ni kuma in ci gaba da tsayawa a tsakiya da ruɓaɓɓun gwiwoyina. Ba wanda zai ce na yi wani abu. Na so in yi, wallahi na so. Amma yaron nan ya fi ni, na daɗe da sani ko da ban faɗa wa kaina ba, kuma Bagobiri ba ya fushi da Bazabarme.

Na ce, "Haka ake yi? Wa ya taɓa ce wa bawansa don Allah? Sake."

Ya sake. Na ce muryar ta yi ƙasa, ya ɗaga. Na ce ya daina kallon takalmina in yana zagina. Na tashi na ba shi taga, na nuna masa burodi da kifin gwangwani da na saya don kaina, na ce Bazabarmen kirki ba ya tambaya. Ya ɗauka ya ci, yana ci kamar magani. Kafin mu iso Lyon ya iya ce mini mai taurin kai ba tare da ya ba ni haƙuri ba. A cikin duk abin da na koya masa, wannan ne ya fi ba ni wahala.

Ranar gwajin da yamma aka shimfiɗa buhuna, aka yi da'ira. Kowa ya ji labari, har waɗanda suka daina zuwa atisaye sun zo. Na ɗauki ƙwallo na rungume ta. Na yi niyyar ba zan sassauta masa ba, in zai karɓa ya karɓa da ƙarfinsa. Koci ya busa usur. Na taho da duk abin da ya rage mini, na karkata kafaɗa dama, na yanke hagu, dabarar da ta ci mutane da yawa.

Ban ga sanda ya iso ba. Na dai ji ƙafafuna sun bar ƙasa, na ga saman benayen Bron a inda bai kamata su kasance ba, sannan bayana ya sauka. Numfashina ya tafi gaba ɗaya. Ƙwallo ta yi nata wuri. Da'irar ta yi tsit, sannan ta ɓarke da ihu, ina jin koci yana ta maimaita wata kalmar Amurka.

Yaron ya tsaya a kaina, hannu a ƙugu, yadda abokin wasa ya kamata ya tsaya.

Ya ce da ƙarfi, "Tashi, bawana! Ina furar taka?"

Na duba ta cikin ƙarfen kwalkwalinsa na ga hawaye sun jiƙa masa fuska har haɓa. Ya san abin da ya karɓe mini, ya fi kowa a filin sani, don shi ne yake raka ni har tashar bas yana ganin inda nake komawa. Yana tsaye yana jira, kuma na gane in ban amsa masa ba, ba zai taɓa yafe wa kansa ba.

Na nemo iska da ƙyar, kaɗan-kaɗan. Na ce, "Iyakar ƙarfin ke nan? Kwanciya na yi don in huta."

Ya yi dariya, dariyar ta haɗe da kuka. Koci ya kira masu tsaro su taru a ci gaba da atisaye, ya nuna masa tsakiya. Na ja jiki na koma bakin fili na zauna a kan buhun soso. Daga nan na ji shi yana sanar da umarni da Faransancinsa na Tawa, a hankali da farko, sannan da ƙarfi, mutum goma sun yi tsit suna saurarensa. Na cire kwalkwalina na riƙe a cinya, ban san inda zan ajiye shi ba.